Makiyayin Da Ya Fi Masu Shanu Ƙarfi

Ɗan uwa mai karatu, idan kana cikin masu zaman majalisa bayan sallar Isha, ko kana cikin waɗanda wayarsu ba ta rabo da saƙonnin WhatsApp, to da wuya a ce ba ka taɓa jin sunan BlackRock ba. Wani zai ce maka wai shi ne kamfanin da ya mallaki duniya. Wani ya ce wai ƙungiyar asiri ce da ke naɗa shugabanni tana sauke su. Wani ma ya rantse maka cewa ko lemon kwalbar da ke hannunka nasu ne. Sai a yi ta girgiza kai, a ce Allah Ya isa, a watse, kowa ya tafi gida bai ƙaru da komai ba sai tsoro.

Ni kuwa ina ganin wannan tsoro bai amfane mu da komai ba, domin wanda bai san yadda ake ɗana tarko ba, ko ya shekara ɗari yana zaginsa, ranar da ya zo wucewa sai ya taka. Gaskiyar magana ita ce, dukiyar da ke hannun BlackRock da ire-irensa ba tasu ba ce, kiwo aka ba su. Masu shanun su ne malaman makaranta da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan asibiti da leburorin masana'antu, waɗanda ake yankar wani abu daga albashinsu duk wata domin ranar tsufa. To yaya aka yi makiyayi ya zo ya fi masu shanu ƙarfi? Abin da nake so in tabbatar maka a wannan shafi shi ne, ƙarfin nan daga sakacin masu shanun ya samo shi, kuma duk mai shanun da ya farka ya rubuta sharaɗinsa, makiyayin nan yana bi, ko yana so ko ba ya so.

WANE NE WANNAN MAKIYAYI?

A shekarar 1986 wani ma'aikacin banki a birnin New York na Amurka, mai suna Larry Fink, ya jawo wa bankin da yake wa aiki, wato First Boston, asarar kimanin dala miliyan 100, saboda ya yi kuskuren hasashen inda kuɗin ruwa zai dosa. Wannan faɗuwa ce ta koya masa cewa mai juya dukiyar mutane yana bukatar ya san girman kasadar da ya ɗauka kafin ta rufta da shi. A 1988 shi da abokansa bakwai suka kafa kamfanin da daga baya aka raɗa wa suna BlackRock. A 1999 suka shiga kasuwar hannun jari. A 2006 suka haɗiye sashen kula da dukiya na Merrill Lynch. A 2009, lokacin da bankunan Turai da Amurka ke ta haki bayan rushewar kasuwa ta 2008, suka sayi sashen kula da dukiya na bankin Barclays na Ingila a kan kimanin dala biliyan 13 da rabi. Tun daga ranar nan suka zama babu na biyunsu a wannan sana'a.

A ƙarshen shekarar 2024 dukiyar da ke hannunsu ta haura dala tiriliyan 11. Domin ka gane girman wannan adadi, duk duniya ƙasashe biyu ne kawai, Amurka da Sin, abin da suke samarwa a shekara ya wuce haka. Amma ka lura da kyau, ɗan uwa. A wannan shekarar duk abin da ya shiga aljihun kamfanin kansa kimanin dala biliyan 20 ne. Wato idan ka kwatanta da kuɗinmu, a cikin kowace Naira 100 da aka ba shi kiwo, ladan da ya ɗauka bai cika kobo 20 ba. Sauran dukiyar tana da masu ita, kuma a ƙa'ida ma ba a ɗakinsa take kwana ba. Akwai wasu bankuna na daban da aikinsu shi ne ajiye takardun, shi kuwa nasa shi ne ya ce a saya ko a sayar. Ko da kamfanin zai rushe gobe, masu binsa bashi ba su da ikon taɓa dukiyar masu ajiya.

SU WA YAKE WA AIKI?

Manyan abokan cinikinsa ba mutum ɗaiɗai ba ne irina da irinka. Hukumomi ne da suka tara kuɗin jama'a masu yawa, waɗanda wajibi ne su biya su wata rana. Na farko asusun fansho, kuma kamfanin da bakinsa yana cewa fiye da rabin dukiyar da yake juyawa ta masu jiran ritaya ce. Na biyu kamfanonin inshora, masu karɓar kuɗin mutane yau da alkawarin biyan diyya gobe. Na uku asusun ajiyar ƙasa, irin waɗanda ƙasashe masu man fetur suke tara rara a ciki. Sai asusun waƙafi na jami'o'i da gidauniyoyi, sai kuma manyan bankunan ƙasashe masu riƙe da kuɗin waje.

Ka ɗauki asusun fanshon malaman makaranta na wata jiha a Amurka. Amintattun da ke kula da shi mutane ne 'yan kaɗan, wasunsu ma malaman ne da 'yan uwansu suka zaɓa. A gabansu akwai biliyoyin daloli, kuma sun san cewa malamar da ta kama aiki bana tana da shekara 25, sai nan da shekara 35 ko 40 za ta zo karɓar haƙƙinta. Idan suka bar kuɗin a ajiye, tsadar kaya za ta cinye su kamar yadda gara ke cin rumbu. Idan suka ce za su juya da kansu, ba su da ma'aikatan da za su bi diddigin dubban kamfanoni daga Tokyo har zuwa Landan. Dole su nemi makiyayi. Sai su yi shela, kamfanoni su zo su yi takara, a zaɓi ɗaya ko da yawa, a rubuta takardar yarjejeniya. A cikin takardar nan ake faɗin inda za a kai kuɗin da inda ba za a kai ba, da ma'aunin da za a gwada aikin makiyayi da shi, da ladan da zai ɗauka, da ranar da zai kawo rahoto. Ka riƙe maganar takardar nan, domin a kanta duk mas'alar take.

ME YAKE YI MUSU?

Aiki na farko, kuma mafi girma, shi ne abin da zan kira bin sahu. Akwai kamfanoni masu tsara jerin sunaye, kamar jerin S&P 500 wanda ya ƙunshi manyan kamfanonin Amurka kimanin 500. Mai bin sahu ba ya wahalar da kansa da zaɓen wanda zai yi riba. Yana sayen kowa da kowa a jerin, kowanne gwargwadon girmansa. Kasuwa ta tashi ya tashi da ita, ta faɗi ya faɗi da ita. Wani mutum mai suna John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a 1975, shi ya fara buɗe wa jama'a irin wannan asusu a 1976, aka yi ta yi masa dariya. Amma lokaci ya gaskata shi, domin an ga cewa mafi yawan gwanayen da ke karɓar lada mai tsoka don su zaɓo masu riba, idan aka ɗebe ladansu, ba sa kamo mai bin sahu a tsawon shekaru. Kusan kashi biyu cikin uku na dukiyar da ke hannun BlackRock a wannan hanya take.

Kada ka raina maganar lada. Ɗauki alƙalami ka lissafa da kanka. Naira miliyan ɗaya da ke ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari duk shekara, bayan shekara 30 za ta kai kusan miliyan 7 da dubu 600. Idan makiyayi yana yankar kashi 1 duk shekara, ta koma ƙaruwa da kashi 6, abin da za ta kai shi ne miliyan 5 da dubu 700 da 'yan kai. Kusan rubu'in abin da tsoho zai ci ya tafi a kashi ɗayan nan da ake ganin ba komai ba ne. Shi ya sa manyan asusu suke ja-in-ja a kan lada kamar masu cinikin goro, kuma shi ya sa kamfanin da ya fi kowa girma, wanda zai iya karɓar lada mafi ƙanƙanta ya ci riba, yake ƙara girma kullum.

Aiki na biyu shi ne auna kasada. BlackRock yana da wata manhajar kwamfuta mai suna Aladdin, wadda ke lissafa wa mai dukiya abin da zai same shi idan farashin mai ya faɗi, ko kuɗin ruwa ya tashi, ko wata ƙasa ta kasa biyan bashi. Har kishiyoyinsa a sana'ar da bankuna da kamfanonin inshora suna biyan haya su yi amfani da ita. Aiki na uku shi ne kai kuɗi inda ba a sayarwa a kasuwar hannun jari, kamar filayen jirgin sama da bututun gas da tashoshin wutar lantarki. A 2021 ya jagoranci wasu masu jari suka sayi kashi 49 cikin ɗari na kamfanin bututun gas na Aramco ta Saudiyya a kan dala biliyan 15 da rabi. A 2024 ya sayi kamfanin Global Infrastructure Partners a kan kimanin dala biliyan 12 da rabi, kuma shugaban wannan kamfani ɗan Nijeriya ne, Adebayo Ogunlesi, mutumin Shagamu ta jihar Ogun, wanda bayan cinikin ya samu kujera a hukumar daraktocin BlackRock.

Aiki na huɗu shi ne ba gwamnatoci shawara. A 2008 babban bankin Amurka ya ɗauki BlackRock haya ya kula da ruɓaɓɓun takardun bashin da aka kwaso daga Bear Stearns da AIG. A 2020, lokacin annobar korona, ya sake kiransa ya saya masa takardun bashin kamfanoni. Mai hankali dole ya tsaya a nan ya yi tambaya: wanda yake sayen kaya a kasuwa da kuɗin abokan cinikinsa, kuma shi ne hukuma ta wakilta ta sayi irin kayan nan, ina za a raba tsakanin aljihun dama da na hagu? Sun ce akwai katanga tsakanin sassan kamfanin. To, mu dai mun san kura ko an ce ta tuba ba a ba ta ajiyar nama.

INDA GIZO YAKE SAƘA

Hannun jari ba takardar riba ce kawai ba, ƙuri'a ce. Duk shekara kowane kamfani yana taron masu jari, a zaɓi daraktoci, a amince da albashin shugabanni, a yanke manyan shawarwari. Malamar makarantar nan ita ce mai kuɗin, amma ƙuri'ar da kuɗinta suka saya tana hannun makiyayi. Kamfanoni uku, BlackRock da Vanguard da State Street, idan aka haɗa abin da suke riƙe da shi, ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, kuma da yake ƙananan masu jari da yawa ba sa jefa ƙuri'a, nauyinsu a ranar zaɓe yana kaiwa wajen rubu'i.

A watan Mayun 2021 duniya ta ga ma'anar wannan. Wani ɗan ƙaramin asusu mai suna Engine No. 1, wanda abin da ya mallaka a kamfanin mai na ExxonMobil bai wuce kashi biyu cikin dubu goma ba, ya tsayar da 'yan takararsa a kan na shugabannin kamfanin. Manyan nan uku suka mara wa wasu daga cikinsu baya, sai ga shi ya ci kujeru uku a hukumar daraktoci. Ko ka yarda da abin da ya sa suka yi haka ko ba ka yarda ba, abin lura shi ne mutane 'yan kaɗan a wasu ofisoshi ne suka yanke hukunci da ƙuri'ar miliyoyin ma'aikata, ba tare da an tambayi ko ɗaya daga cikin ma'aikatan ba.

Sai maganar asara. A 2022 kasuwanni suka faɗi, dukiyar da ke hannun BlackRock ta sauko daga dala tiriliyan 10 zuwa kimanin tiriliyan 8 da biliyan 600. Asarar ta masu shanu ce. Shi kuwa makiyayi a wannan shekarar ya ci ribar sama da dala biliyan 5. Haka yarjejeniyar take: ladansa yana raguwa idan garke ya rame, amma ko saniya nawa ta mutu ba ya biyan ko ɗaya.

Sannan mai bin sahu ba ya tambayar halal ko haram. A cikin jerin 500 ɗin nan akwai masu ƙera makamai irin su Lockheed Martin, akwai gidajen caca, akwai masu yin giya, akwai bankunan da kuɗin ruwa ne abincinsu. Duk wanda sunansa ya shiga jeri za a saya, sai fa idan mai dukiya ya ce a cire.

Abu mafi ɗaci gare mu shi ne bashin ƙasashe. Idan gwamnatin wata ƙasar Afirka ta je Landan ta sayar da takardun bashi na dala, irin waɗannan kamfanoni ne masu saye. Nijeriya ta fara sayar da irin wannan takarda a Janairun 2011, dala miliyan 500 a kan kuɗin ruwa kashi 6.75 cikin ɗari. A Disambar 2024 ta karɓo dala biliyan 2.2, wani sashe a kan kashi 9.625, wani a kan kashi 10.375. Zambiya ta kasa biya a Nuwambar 2020, Ghana ta bi sahu a Disambar 2022, kuma a duk ƙasashen biyu BlackRock yana cikin manyan masu riƙe da takardun. An shekara ana ja kafin a 2024 masu bin Ghana bashin dala biliyan 13 suka yarda su yafe kashi 37 cikin ɗari. A tsakanin nan, a farkon 2023, tsofaffin ma'aikatan Ghana da suka sa kuɗin sallamarsu a takardun bashin gwamnati na cikin gida suka yi ta zaman dirshan a bakin ma'aikatar kuɗi a Akara, har da tsohuwar babbar mai shari'a ta ƙasar, Sophia Akuffo, suna neman kada a taɓa musu ɗan abin da suka tara.

Dubi wannan hoto da kyau, ɗan uwa. Ga tsoho a Amurka yana jiran fansho, ga tsoho a Akara yana jiran nasa, dukkansu raunana ne, kuma bashi ɗaya ya sa su a bakin igiya biyu. Idan ka tambayi makiyayi zai ce maka shi amana ya ɗauka, doka ta ɗora masa ya kare wanda ya ba shi kiwo. Kuma a nan bai yi ƙarya ba. Wanda ya kamata ka fara riƙe wa wuya shi ne shugaban da ya je ya ciwo bashin da sunanka, ya sa hannu a kan kashi 10 cikin ɗari na dala, alhali ya san haraji da Naira yake karɓa.

MAI SHANUN DA YA FARKA

Yanzu ga hujjata a kan cewa ƙarfin nan aro ne. A Disambar 2022 jihar Florida ta janye dala biliyan 2 daga hannun BlackRock. A Maris 2024 asusun makarantu na jihar Texas ya janye dala biliyan 8 da rabi, bisa zargin cewa kamfanin yana ƙyamar masana'antar man fetur wadda jihar ke ci da ita. Larry Fink, wanda ya yi shekaru yana rubuta wa shugabannin kamfanoni wasiƙu a kan sauyin yanayi, sai ga shi ya sassauta murya, kuma a Janairun 2025 kamfanin ya fice daga ƙawancen masu kula da dukiya da suka yi alkawarin rage hayaƙi. Wanda ya mallaki duniya ba ya ja da baya don wata jiha ta ɗaure fuska.

Tun 2022 kuma kamfanin ya buɗe wa manyan abokan cinikinsa ƙofar su karɓi ƙuri'arsu su jefa da kansu. Ka san abin da ya faru? A shekarar farko masu kusan rubu'in dukiyar da ta cancanta ne kawai suka karɓa. Sauran suka ce a ci gaba da yi musu. Ashe ba ƙwace aka yi ba, miƙa wuya aka yi.

Dubi Norway. Ƙasa ce mai mutane miliyan biyar da rabi, ta fara zuba rarar kuɗin mai a asusunta a 1996. Asusun nan ya kai ga riƙe kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na duk hannun jarin da ake sayarwa a kasuwannin duniya, kuma mafi yawan aikin ma'aikatan asusun ne ke yi da kansu. Majalisarsu ta rubuta sharuɗɗa, aka fitar da kamfanonin taba, aka fitar da masu ƙera wasu nau'o'in makamai. A Agustan 2025 asusun ya sanar da fita daga kamfanin Caterpillar da bankunan Isra'ila biyar saboda abin da ake yi wa Falasɗinawa, duk da cewa gwamnatin Amurka ta nuna fushinta.

Dubi Malesiya. Tun 1963 suka kafa Tabung Haji domin talaka ya tara kuɗin aikin Hajji a juya masa ta hanyar halal, kuma a 2017 babban asusun fanshonsu ya buɗe sashen Shari'a ga duk mai so. Da kasuwa ta ga Musulmi masu dukiya suna neman abin da ya dace da addininsu, sai ta kawo. A 1999 Dow Jones ya fito da jerin kamfanonin da aka tace bisa ƙa'idar Musulunci, kuma BlackRock ɗin nan da kansa yana sayar da asusun bin sahu na irin wannan jeri. Ba don yana son Musulunci ba, kuma ba don yana ƙinsa ba. Ɗan kasuwa ne, abin da mai kuɗi ya rubuta shi yake kawowa.

INA NAMU SHANUN?

Mu ma muna da garke. A 2004 aka kafa asusun rarar man fetur a Nijeriya, wanda ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008. Zuwa 2022 abin da ya rage a ciki bai kai dala miliyan ɗaya ba. Babu wani Bature daga New York da ya zo ya kwashe shi, a gida aka raba. A 2011 aka yi dokar asusun ajiyar ƙasa, aka fara shi da dala biliyan ɗaya, alhali mun riga Norway fara haƙo mai.

Sai fansho. Dokar 2004, wadda aka yi wa gyara a 2014, ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10. Kamfanin fansho yana juyawa, bankin ajiya na daban yana riƙewa, hukumar PenCom tana sa ido, wato tsarin nan dai da na bayyana maka a sama. A ƙarshen 2024 kuɗin sun haura Naira tiriliyan 22, na mutane sama da miliyan 10. Waɗannan kuɗi ba a hannun BlackRock suke ba, a gida suke, kuma fiye da rabinsu bashi aka ba gwamnatin tarayya a kan kuɗin ruwa. A shekarar da tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar 2024, idan ƙarin da aka rubuta wa mahaifinka bai kai haka ba, to adadin da ke takardarsa yana hawa, buhun masarar da zai iya saya yana raguwa.

Tun 2017 gwamnati ta fara sayar da sukuk, na farko Naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Tun 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ga duk ma'aikacin da ya nema. Ka tambayi mahaifinka ko yayanka ko malaminka: ya san da wannan asusu? Ya taɓa buɗe takardar bayanin da kamfanin fanshonsa ke aiko masa? Ya san nawa ake yanka a matsayin lada? Ya san doka ta ba shi damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara idan bai gamsu ba? Za ka tarar da yawansu suna Allah wadai da kuɗin ruwa a baki, alhali ƙofar fita tana buɗe shekara da shekaru ba su taka ta ba.

Saboda haka, ya kai matashi, aikin da ke gabanka ya fi tura saƙon tsoro wahala. Wannan makon ka zauna da wani babba a gidanku mai asusun fansho, ku karanta takardarsa tare, layi bayan layi, ka rubuta tambayoyin da ba ku gane ba, ku je ofishin kamfanin ku nemi amsa. Idan kana cikin ƙungiyar ma'aikata ko ta 'yan kasuwa ko kwamitin da ke riƙe da kuɗin jama'a, komai ƙanƙantarsu, ka nemi a rubuta sharaɗi, a raba mai juyawa da mai ajiya, a karanta lissafi a gaban kowa. Idan kuwa kana makaranta kuma Allah Ya ba ka kan lissafi, kada ka guji karatun akanta da tattalin arziki da dokar kasuwanci kana cewa na 'yan duniya ne. Haɗa shi da fiƙihun mu'amala, domin malamin da bai san yadda takardar bashi take aiki ba zai sha wahala wajen yanke mata hukunci, akantan da bai san halal da haram ba kuwa duk abin da aka miƙo masa zai sa wa hannu. Al'ummar da ba ta da masu iya rubuta takardar yarjejeniya, wasu ne za su rubuta mata, ita kuma ta dangwala.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu zama masu riƙon amana, Ya tsare dukiyar tsofaffinmu daga hannun maciya amana na nesa da na kusa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.